Na awo, na mota ko na 4T: wane baƙin mai ya dace da babur a zafin Sakkwato?

Ranar juye baƙin mai tambayar bakanike ɗaya ce: "Maigida, mi za mu sa, na kwalba ko na awo?" Yawancinmu aljihu ne ke amsawa, musamman tun daga 2023 da aka janye tallafin fetur kuma darajar naira ta faɗi. Tataccen man da kamfanoni ke haɗa baƙin mai da shi galibi daga waje ake shigo da shi, don haka duk motsin dala sai ya bayyana a kan kwalba. Ɗan kabu-kabun da ke neman kuɗin balas da na cefane ba laifinsa ba ne in ya kalli mai araha. Sai dai lita ɗaya tak da ake ɗurawa cikin ƙaramin injin nan ita ke yanke hukuncin ko babur zai yi shekaru yana aiki, ko kuwa a sauke injinsa kafin damina ta zagayo.

Man da ake samu a garin nan kashi biyar ne: na awo, na mota, na babur na gama-gari mai alamar 4T (wato na injin da ba a gauraya masa mai da fetur), rabin-sintetik da cikakken sintetik (wanda aka sarrafa a masana'anta). Kafin mu bi su, ga abin da za a auna su da shi.

## Ma'aunai

Kuloci. Wannan shi ne na farko, kuma shi aka fi mantawa. A mota, man inji daban, man giya daban, kuloci kuma a bushe yake. A Boxer, Jincheng, Haojue, TVS da ire-irensu masu injin 4T, mai guda ne ke wanke fistin, ya bi ta haƙoran giya, ya kuma jiƙa faifan kuloci. Ana son ya yi santsi a wuri ɗaya, ya bar kamu a wani wurin. Saboda haka ne masana'antar ababen hawa ta Japan ta fito da ma'aunin JASO na babura a 1998. In ka ga JASO MA a bayan kwalba, man ya dace da kulocin da ke cikin mai. A 2006 aka ƙara MA1 da MA2, kuma MA2 ya fi kamu. JASO MB kuwa na babura ne masu canja giya da kansu ta hanyar bel, waɗanda kulocinsu ba ya taɓa mai. A kula a nan: roba-roba mai giyar ƙafa, duk da ba shi da kuloci a hannu, yana da shi a ciki kuma a cikin mai yake iyo. MA yake buƙata, ba MB ba.

Kauri a cikin zafi. Lambobin nan irin 20W-50 da 10W-30 na ma'aunin kaurin mai ne da ake kira SAE. Ta farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan ya kai digiri 100 a ma'aunin Celsius. A Sakkwato ta biyun ce babbar magana. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan wuce digiri 40, injin baburanmu kuwa ba ruwa ke sanyaya shi ba, iska ce, kuma iskar da kanta da zafinta take zuwa. Ka tsaya a cunkoson bakin babbar kasuwa da azahar, inji na kunne, ba iskar da ke bugun silinda, man ne kaɗai ke kwashe zafin. Ƙa'idar da masana mai ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin lalacewar mai.

Akwai gwajin da ake yi a gareji wanda nake roƙon a daina dogara da shi. Mai sayarwa zai ɗiga man a yatsa, ya murza, ya buɗe yatsun ka ga zare ya miƙe, ya ce: "Wanga shi am mai, dubi kaurinai." Abin da yatsa ke ji kaurin mai ne a inuwa. Man shanu ma a daskare yake da safiyar hunturu, amma ɗora shi a wuta ka ga yadda zai tsinke. Abin tambaya shi ne yadda man zai kasance a jikin fistin bayan tafiya daga Sakkwato zuwa Illela da kaya, kuma wannan yatsa ba ya iya faɗa.

Darajar sinadaran da ke ciki. Ita ce haruffan API, ma'aunin cibiyar man fetur ta Amurka. S ce ke farawa a man injin fetur, harafi na biyu kuma yana gaba gwargwadon sabuntar ma'aunin: SF na 1980 ne, SL na 2001, SN na 2010. Ga ƙananan babura SL ya wadatar, abin da ya fi shi ma ba laifi muddin akwai JASO MA tare da shi.

Kuɗi. Ba farashin kwalba za a duba ba, farashin kowace kilomita za a duba.

Samuwa da haɗarin jabu. Man da ba za ka same shi a Gwadabawa ko Tambuwal ba ranar da kake buƙatar ciko yana da nasa aibin, haka ma wanda masu algus suka fi kwaikwayo.

## Man awo

Shi ne wanda ake tsiyayowa daga duro ko jarka, a auna a tsohuwar robar ruwa, a jera a kan tebur a bakin titi. Araharsa ba ta da abokin takara, kuma ko'ina akwai shi, har ƙauyen da ba gidan mai. Za a iya sayar maka da rabin kwalba ko kwata. Iyakar alherinsa ke nan.

Matsalar ita ce ba wanda zai iya gaya maka mene ne a ciki, sau da yawa har shi mai sayarwar. Wani duron man kamfani ne na gaskiya, galibi SAE 40. Wani tsuran mai ne wanda ba a zuba masa sinadaran wanke inji da na hana cin ƙarfe ba, a ido garau, a aiki fanko. Wani kuma tsohon mai ne da aka juye daga wasu injuna, aka bar shi ya kwanta, aka tace, aka gauraya. Duk ukun launinsu na iya zama ɗaya a cikin roba.

Ko da man na kirki ne, dubi yadda yake isa cikin injinka. Mazurarin yana rataye a jikin ƙusa tun safe, jiƙe da mai, ƙurar hunturu na sauka a kansa tana mannewa. Tsumman da ake goge shi da shi ya fi shi datti. Yashin da ke cikin wannan ƙura ya fi ƙarfen ringi tauri, kuma yawancin ƙananan baburanmu ba su da matacin mai na takarda irin na mota, 'yar raga ce kawai da wani mataci mai juyawa. Abin da ya shiga zai yi ta zagayawa yana gurzar silinda har ranar juye na gaba. Wanda ya ce ya shekara yana sa na awo bai ga komai ba, ina yarda da shi, ya yi dace da duro mai kyau. Amma dace ba tsari ba ne, kuma ranar da aka canja duron ba za a aiko masa da sanarwa ba.

## Man mota

A nan ana yawan ruɗewa, domin galan ɗin na kamfani ne sananne, a rufe, ga 20W-50 a rubuce ɓaro-ɓaro. Mai mota da babur a gida yakan ga asara ce ya sayi mai iri biyu.

Man mota kala-kala ne. Na zamani mai ruwa-ruwa, irin 5W-30 da 0W-20, musamman wanda aka rubuta wa Energy Conserving ko Resource Conserving a cikin tambarin API, an ƙara masa sinadarin santsi don rage shan fetur. Wannan sinadari shi ne abokin gabar kulocin babur. Alamarsa ba ta ɓuya: ka murɗa, inji ya yi kuka, babur bai ƙara gudu ba, musamman a hawa ko da fasinja biyu. In faifan ya riga ya sha wannan man ya ƙone, sauya mai kaɗai ba lalle ya dawo da shi ba.

Man mota mai kauri, 20W-50, da na manyan motocin dizal, 15W-40, galibi ba su da wannan sinadari da yawa, shi ya sa mutane da dama ke sa su ba tare da kuloci ya zame ba. Sai dai ba a gwada su don haƙoran giya ba. Giya tana yanyanka sinadarin da ke riƙe kaurin mai, sai ka ga man da ya shiga a matsayin 50 ya tsinke tun kafin lokacinsa. SAE 40 zalla ba shi da wannan rauni, kuma a gari mai zafi irin namu ba guba ba ne in na kamfanin gaskiya ne, amma yawancin wanda ke kasuwa darajarsa ta API tsohuwa ce, kuma da asubar Janairu yakan yi nauyin hawa zuwa kan inji. Hukuncina a kan man mota mai kauri: ya fi na awo nesa ba kusa ba, yana fitar da mutum kunya a hanya, amma ba shi ne abincin yau da kullum ba.

## Man babur na gama-gari, 4T 20W-50

Wannan shi ake kira minaral, wato wanda aka tace kai tsaye daga ɗanyen mai aka zuba masa sinadarai. Yana zuwa a kwalbar lita ɗaya, daidai cikin yawancin baburanmu, da hoton babur da 4T a gaba. Manyan kamfanonin gidajen mai irin su TotalEnergies suna da nasu, akwai kuma masu haɗawa na cikin gida, irin Ammasco a Kano da Lubcon a Ilorin. Sunan kamfani ba shi nake so ka fara nema ba. Juya kwalbar ka nemi abu uku: 20W-50, API SL ko sama, JASO MA ko MA2. Hoton babur a gaba ba shaida ba ne, akwai kwalaben da ke ɗauke da 4T amma babu JASO ko ɗaya a jikinsu.

Irin wannan man ne Bajaj ke rubutawa a littafin Boxer, kuma ya dace da yawancin baburan Sin masu injin 100 zuwa 150. Kaurin 50 yana riƙe fatar mai tsakanin ƙarfe da ƙarfe lokacin da inji ya ɗau zafi da kaya. Farashinsa matsakaici ne, ana samunsa a gidajen mai da shagunan kayan babur a duk manyan garuruwan jihar.

Rauninsa shi ne ba ya jure dogon zama. Zafi na dafa shi da wuri fiye da sintetik. Littafin babur na iya ba ka dubban kilomitoci masu yawa tsakanin juye da juye, amma littattafan kan ƙara da cewa a rage tazarar in ana aiki a ƙura, da zafi, da yawan tsayawa da tashi, wato dai aikin kabu-kabu a Sakkwato. Shawarata kada ya wuce kilomita 1,500 zuwa 2,000. Mitar babura da yawa ta daɗe da mutuwa, don haka a lissafa da kwanaki: wanda ke yin kilomita 150 a rana, daga Arkilla zuwa Mabera zuwa jami'a ya dawo, kwana 10 zuwa 13 ya ishe shi.

Haɗarinsa na biyu jabu ne, domin abin da aka fi saye shi aka fi kwaikwaya. Duba zoben murfi bai tsinke ba, lambar rukuni da ranar haɗawa suna nan a buge, rubutun bai dusashe ba. Kayan da aka yi a Najeriya suna ɗauke da tambarin MANCAP na hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki. Farashin da ya faɗo ƙasa da na gidan mai sosai abin tsoro ne, ba abin murna ba. A buɗe kwalbar a gabanka, a juye a gabanka, sannan ka sa wuƙa ka huda ta kafin ka bar wurin. Kwalbar da ka bari lafiya lau ita ce gobe za a cika da na duro a sayar wa ɗan'uwanka.

Wata magana ta gefe da ta shafi masu sababbin Honda da TVS: da yawa daga cikinsu 10W-30 littafinsu ya ce. Bakanike zai ce maka wannan ruwa ne, ba zai iya da zafinmu ba. Injin da aka ƙera da matsattsun hanyoyin mai yana son man da zai ratsa su da sauri ya kwaso zafi, kuma wanda ya ƙera shi ya san ana zafi a Indiya ma, ƙasar kamfanin TVS. Bi littafin, musamman lokacin garanti. In babur ya tsufa ya fara cin mai, sannan a yi maganar ƙara kauri.

## Rabin-sintetik

Gauraye ne na minaral da man da aka sarrafa a masana'anta, galibi 10W-40 ko 15W-50. Ya fi minaral jure zafi, giya ta fi shiga da taushi, kuma za ka iya kai shi kilomita 2,500 zuwa 3,000. Ya fi tsada, kuma da ka fita daga birni samunsa sai an bincika. Ga ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo, ko mai doguwar tafiya a kan kwalta zuwa Gusau ko Birnin Kebbi, kuɗinsa na fita.

## Cikakken sintetik

Ba musu, shi ne ya fi kowanne jure zafi da tsabtace inji. Motul, Castrol da Shell Advance suna cikin sunayen da aka sani a wannan aji. Manyan babura masu gudu da injin da ke juyawa da ƙarfi, shi suke so.

Amma a kan ƙaramin babur a garin ƙura, akwai lissafin da ba a cika yi ba. Abin da kake biya a sintetik shi ne tsawon rai, wato ya daɗe bai lalace ba. To ƙurar da ta tsallake matacin iska, da fetur ɗin da ke tsiyaya ta gefen ringi, da garin faifan kuloci, duk suna taruwa a cikinsa kamar yadda suke taruwa a mai araha, kuma babu matacin kirki da zai cire su. Man bai mutu ba, amma ya ƙazantu. In ka bar shi don ka ci kuɗinka, yashi na cin injinka. In ka juye da wuri, ka zubar da abin da ka biya. Ga kuma tsohon inji: sintetik ba ya huda roba kamar yadda ake faɗa, amma yana wanke dattin da ya toshe tsofaffin robobi, sai yoyon da ke ɓoye ya fito fili. Jabunsa ma ya fi ciwo, domin asarar ta fi girma.

## A teburi

| Irin mai | Farashi | Tazarar juye da nake ba da shawara | Samuwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Na awo | Mafi araha | Ba ta da tabbas | Ko'ina | Algus, ƙura, ba a san abin da ke ciki ba |
| Na mota mai kauri | Matsakaici | Kilomita 1,000 zuwa 1,500 | Ko'ina | Tsinkewa da wuri |
| 4T minaral 20W-50, MA | Matsakaici | Kilomita 1,500 zuwa 2,000 | Birni da manyan garuruwa | Jabu, barinsa ya wuce lokaci |
| Rabin-sintetik, MA2 | Sama da matsakaici | Kilomita 2,500 zuwa 3,000 | Galibi birni | Wahalar samun na ciko a ƙauye |
| Cikakken sintetik, MA2 | Mafi tsada | Kilomita 3,000 zuwa 4,000 | Shaguna kaɗan | Jabu, ƙazanta kafin ya ƙare |

Ga yadda za ka yi lissafin da kanka, ka sa farashin da ka tarar a yau. A ce minaral naira 5,000 ne ya kai ka kilomita 2,000, kowace kilomita ta ci naira 2 da rabi. A ce sintetik 15,000 ne ya kai 4,000, ta ci kusan naira 4. A ce na awo 3,000 ne amma ya tsinke a kilomita 700, ta ci sama da naira 4, ban da ladan bakanike sau uku maimakon sau ɗaya, ban da kuɗin ringi da fistin da kwanakin da babur zai yi a gareji balas na taruwa.

Kowane ka zaɓa, matacin iska rabin aikin ne. A hunturu, ko ga mai bin hanyar Kalambaina da hanyoyin ƙauye marasa kwalta, a duba shi duk mako. In na soso ne a wanke, a bushe, a ɗan shafa masa mai. In na takarda ne a kakkaɓe ko a sauya. A duba gejin mai da safe, babur a tsaye daidai ba a jingine ba, domin injin da ke cin lita ɗaya in ya rasa kwata ya rasa kaso babba. Baƙin da mai ke yi ba shi ne alamar mutuwarsa ba, man kirki yana baƙi ne saboda yana kwaso datti. Abin tsoro shi ne warin ƙuna, warin fetur, ko ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikin kwanon juye.

## Wa ya dace da wane

Ɗan kabu-kabu mai Boxer ko babur ɗin Sin, da mai ɗaukar buhunan albasa da hatsi zuwa kasuwa: 4T minaral 20W-50 mai JASO MA ko MA2, a rufe, daga wuri ɗaya da ka amince da shi, a juye a kan lokaci. A bazara a matso da ranar juye kusa. In kai ne mai babur kana ba yaro haya, ka sayi man da hannunka, ka cire shi daga cikin abin da yaron zai biya daga aljihunsa.

Sabon babur: abin da littafi ya ce, ko 10W-30 ne ko 20W-50, kuma juyen farko tsakanin kilomita 500 da 1,000 kada a ɗaga shi, domin a nan ne garin ƙarfen sabon inji ke fita.

Ma'aikaci, malamin makaranta ko ɗalibin da tafiyarsa kaɗan ce: rabin-sintetik in aljihu ya yarda, minaral in bai yarda ba. Ko kilomita ba ta cika ba, kada mai ya wuce wata 6 a ciki.

Mai roba-roba mai giyar ƙafa: MA, da kaurin da littafinsa ya faɗa. Mai babur na bel: MB, kuma shi yana da ɗan man giyarsa daban a baya.

Mai babban babur: cikakken sintetik MA2, daga dila sananne, da sabon matacin mai.

Tsohon inji mai shuɗin hayaƙi: minaral 20W-50 da yawan duba geji, sannan a fara tara kuɗin ringi. Magungunan kauri da ake zubawa don ɓoye hayaƙi na iya taɓa kuloci, kuma ba sa mayar da ƙarfen da ya cinye. Tsohon babur mai injin 2T, wanda ke ƙona mai tare da fetur, man 2T ne nasa, kada a musanya masa da 4T.

Wanda geji ya nuna masa ƙasa a tsakiyar hanyar Goronyo ko Tangaza, ba shagon babur kusa: ya nemi man mota 20W-50 ko na dizal 15W-40 a rufe ya yi ciko. In na awo ne kaɗai a garin, ya sa, domin kowane mai ya fi inji ya yi tafiya a bushe, ya tafi a hankali, in ya iso gida ya juye duka tun inji na da ɗumi.